Ta Wuce Yaya?

Ni mai wanki da guga ne, kuma ni ne babba a ɗakinmu. Boko ban yi nisa ba. Firamare ma da kyar na ga ƙarshenta, ranar da na fita malamai sun ji daɗi, ni ma na ji daɗi. Labarin ƙanwata zan bayar, autarmu, don tun shekaranjiya bakina ya ƙi rufuwa, har masu kawo wanki suna tambaya ko haihuwa aka yi mini.

Tun tana ƙarama Auta na da wani hali da ya sha jawo mata faɗa. Ba ta saurin cewa "to". Kun san yara, in an aike su, tun ba a rufe baki ba sun ce to sun ruga, sai sun isa bakin shago su tsaya suna susar ƙeya. Ni haka nake. Ita kuwa Umma za ta ce, "Auta, je ki ce wa maƙwabciya ta ara mini babbar tukunya, gobe da safe zan mayar." Sai yarinyar nan ta tsaya ƙyam, ta ɗaga ido, ta ce, "Babbar tukunya. Gobe da safe za ki mayar." Sai Umma ta ce e, sannan ita ta ce to, sannan ta ɗaga ƙafa. In Umma na sauri ta ƙi amsawa, nan za ki dawo ki same ta. Umma ta sa mata suna Maimaita. Amma fa ba a taɓa aiken Auta gishiri ta dawo da sukari ba, ni kuwa kada ma a tona.

Ta yi karatu, ta yi ta yi, har ta kai inda ni ban san sunan ajin ba. Ta karanta harkar kwamfuta, ta samu aiki a wani kamfani da ke saman bene, mai ƙofar gilas da sanyi kamar cikin firji. Na taɓa leƙawa kai mata saƙon Umma, na ga mutane jere kowa ya toshe kunne, ba mai ce wa wani uffan. Na ce a raina, wannan wurin aiki ne ko ɗakin jinya.

Shekaru ina ce wa mutane ƙanwata gyaran kwamfuta take yi. Sai wata rana ta zo shagona ta ji ina faɗa wa wani, ta jira ya tafi, ta ja kujerar roba ta zauna kusa da teburin guga.

"Yaya, ka daina ɓata mini sana'a a gari. Zauna in gaya maka."

"Ina jin ki, hannu ne ke aiki ba kunne ba."

"Ka san manhaja?"

"Abin cikin waya."

"To su ma suna aika wa juna saƙo. Misali ta wurin likita ta aika wa ta ɗakin magani, a haɗa wa wane kaza. Amma ba lallai ɗayar na kusa ba a lokacin. Ƙila aiki ya yi mata yawa, ƙila an kashe ta. Sai a sa dillali a tsakiya. Shi zai karɓi saƙon ya riƙe, in mai shi ya shirya ya miƙa masa. Dillalin nan muke ƙerawa."

"Kamar ni da kayan mutane ke nan."

"Kamar kai. Sai dai shi ba ya ƙona riga."

"Wannan rigar dama ta tsufa."

Ta yi dariya, ta ci gaba. Ta ce dillalin na da ma'ajiya, inda yake zuba saƙo kafin mai shi ya zo, yadda ko wuta ta ɗauke, in ta dawo za a tarar da saƙon yana nan. Kuma duk saƙon da aka miƙo, sai dillali ya ce wa mai aikowa "to". Da mai aikowa ya ji to ɗin nan, sai ya goge nasa ya manta, don ya san kaya sun shiga hannun amana.

A wurinsu ma'ajiyar iri huɗu ce, kowace da masu kula da ita, mai saye ya zaɓi wadda ta yi masa. Abin da ke ci wa Auta rai shi ne kowace ma'ajiya da nata gwajin. Waɗanda suka ƙera ta su suka shirya mata jarrabawa, su suka zauna da ita, su suka duba, su suka ce ta ci.

Na ce, "Da haka aka yi a firamare ai ni zan riƙa zuwa na ɗaya."

Ta ce, "To ka gane ke nan. Ni so nake a yi jarrabawa ɗaya, tambaya ɗaya, kowa ya zauna. Ba ruwan gwajin da wa ya ƙera ki."

Ta daɗe tana bin ogansu da maganar nan kafin ya yarda. Da ya yarda kuma sai ya ɗora sharaɗi, ya faɗa a gaban kowa: duk ma'ajiyar da ba ta ci gwajin Auta ba kafin ranar taronsu, ba za ta shiga sabon dillalin da za su fitar ba, cire ta za a yi. Auta ta ce ta amince.

Abin da ya kamata ku sani shi ne, ɗaya daga cikin huɗun nan tata ce. Ita ta ƙera ta tun farkon zuwanta wurin, lokacin ba wanda ya san da ita sai in ana neman mai rufe taga. Ma'ajiyar ta fito da sauri fiye da duk sauran, har suka sa mata suna Walƙiya. Da ita aka san Auta. In baƙi suka zo, oga Walƙiya yake nuna musu. A gida ma in tana maganarta sai ka ɗauka 'yarta ce ta fari. To yanzu ga shi da bakinta ta jawo dokar da za ta iya fitar da ita waje. Ita dai ba ta damu ba, don ta tabbata tata za ta ci.

Wata safiya sai ga ta da kwali a hannu.

"Yaya, ɗakin bayan nan nake so ka ara mini."

Ɗakin baya nan nake ajiye bokitan sitati da hanga da kayan da masu su suka manta. Na share mata tebur. Ta fito da wasu ƙananan injina guda huɗu, kowanne bai fi sandar sabulu biyu a haɗe ba, baƙaƙe, iri ɗaya sak. Ta jera su, ta jona kowanne a soket ɗinsa, ta ajiye kwamfutarta a gefe. Kowane inji ma'ajiya ɗaya ce a cikinsa. Kwamfutar za ta riƙa antaya musu saƙo, tana riƙe da duk wanda aka ce masa to.

Ta ce, "Aikinka ɗaya ne. Duk lokacin da ka ga dama, ka shigo ka zare wayar ɗaya daga soket. Ka ɗan jira, ka mayar. In ya farfaɗo, kwamfuta za ta tambaye shi duk saƙon da ya ce wa to. In suna nan, za ka ga kore. In ko ɗaya ya ɓace, ja."

"A ofis ɗinku ba ku da soket ne?"

"Akwai. Ba a barinmu mu taɓa. A can da ladabi ake kashewa, sai an sanar da inji tukuna. Kamar ka ce wa mutum shirya zan ture ka. Wuta kuwa ba ta sallama."

"To ke ki zare mana."

"Hannuna ya san abin da ke ciki. Ko ban yi niyya ba zai zaɓi lokaci. Kai kuwa ba ka san komai ba, shi ya sa nake son ka."

"Na gode da yabo."

Haka muka fara. Ina guga a gaba, in na gama riga in shiga in zare ɗaya, in na je ɗauko hanga in zare wani. Abin har ya zame mini wasa. Ita tana zuwa wasu ranaku ta zauna a ɗakin tana ƙara wa gwajin tambayoyi: in ma'ajiya ta cika fa, in saƙo ɗaya ya zo sau biyu fa, in aka ba mai shi ya ce bai karɓa ba fa. Duk tambayar da ta ƙara, huɗun nan ne za su amsa, ba a ɗauke wa kowa.

Ba ta gaya mini wanne ne nata ba. Amma duk mai ƙanne ya san irin wannan. Akwai wanda ta ajiye nesa da bokitin sitati. Shi kaɗai take goge wa ƙura da bakin mayafinta, kuma ba ta ma san tana yi ba.

Kowane inji na da wata 'yar fitila a goshi. In saƙo na shiga sai ta riƙa ƙifta ido da sauri, in an ɗan lafa sai ta tsaya, kamar mai numfashi. Sauran ukun ina isa nake fizgewa. In na zo kan na Auta kuwa, in na ga fitilar na ƙiftawa, sai in ga ai yana tsakiyar aiki. Sai in dafa wayar in ɗan jira ya numfasa, sannan in zare a hankali. Ni ban ɗauke shi wani abu ba. Ko yaro ne yana cin abinci ai ba ka fizge masa kwano.

Nata kullum kore. Sauran kuwa suka fara zubar da ja.

Wanda ya fi shan ja shi ne na wani abokin aikinta, dogo, mai fara'a, wanda muke ce wa Mai Gilashi. Da ta aika masa sakamako sai ya ce bai yarda ba sai ya gani da idonsa. Ya zo shago wata rana bayan azahar, da riga a leda.

"Sannu da aiki, Yaya. Kai ne kake kashe mini ma'ajiya ko? To ga rigata, in ka huce a kanta ƙila ka sassauta wa injina."

"Kawo. Ita ma in ta yi gardama zan zare mata waya."

Ya zauna da Auta a ɗakin baya, ni ina shiga ina fita. A gabansa na zare nasa, ya dawo, ja. Ya cire gilashin ya goge, ya mayar, ja dai yana nan. Ya ce, "To na gani. Gaskiyarki, Hajiya Walƙiya. Zan gyara." Mutumin kirki ne, bai yi musu ba.

Can na sake shigowa, na nufi na nesa da bokiti. Fitila na ƙiftawa. Na dafa waya na tsaya. Sai na ji Mai Gilashi ya ce, cikin wasa, "Yaya, addu'a kake yi wa wannan ne? Nawa ko bisimilla ba ka yi masa ba."

Na yi dariya. Auta ba ta yi ba. Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya.

"Yaya, me kake jira?"

"Ya numfasa mana. Ba ki ga yana aiki ba?"

"Kullum haka kake yi masa?"

"Shi dai wannan."

"Don me shi?"

"Ke ma kin sani."

Ta rufe fuska da tafin hannu biyu. Na ɗauka kuka za ta yi, ashe dariya ce ke neman kubce mata, irin wadda ba ta daɗi ba. Ta ce, "Na gudu daga hannuna na faɗa hannun da ya fi nawa son kai." Ni dai har yau ban ga abin da na yi ba. Tun tana rarrafe nake kawar mata da abin da zai buge ta, ba a ranar zan daina ba.

Ba ta yi mini faɗa ba. Tashi ta yi ta ɗauko baƙin salatif ta liƙe idon kowane inji. Ta ga bai isa ba. Ta kwashe wayoyin ta cakuɗa su, ta zura su ta ƙarƙashin ƙofa zuwa gaban shago, ta jona a doguwar soket kusa da ƙafata. Wayoyi huɗu baƙaƙe, ba ka sanin ta wa ce ta wa. Ta rufe ƙofa.

"Yanzu zare."

Na zare, na mayar. Na goge wando, na zare wata. Mai Gilashi ya karɓi rigarsa ya tsaya bakin ƙofa ya ƙi tafiya. Wata mata ta kawo labule, na karɓa, na zare wata. Ban jima da mayarwa ba na ji ɗakin baya ya yi tsit, irin tsit ɗin da ka san ba na lafiya ba ne. Na tura ƙofa.

Ja ne a layin Walƙiya a fuskar kwamfuta.

Saƙonnin da suka ɓace ba su da yawa, 'yan kaɗan ne cikin tuli. Auta ta sa na sake, aka sake samun ja. Mai Gilashi ya ce mata sai da safe a hankali, ya fita. Ta zauna tana bin abin layi layi, har ta gano. Ashe saurin Walƙiya daga nan yake. Da saƙo ya shigo hannunta sai ta ce to, sannan daga baya kaɗan ta rubuta shi a faifai, inda ɗaukewar wuta ba ta goge shi. Tsakanin to ɗin da rubutun bai kai ƙiftawar ido ba. Amma in wuta ta ɗauke a daidai nan, saƙo ya tafi, mai aikowa kuma ya riga ya goge nasa. Tsohon gwajinta bai taɓa kamawa ba, don shi da ladabi yake kashewa.

Ana haka Umma ta shigo da kwanon abinci, don takan biyo ta shago in ta san Auta na nan. Ta ga fuskokinmu ta ce wa ya mutu. Na yi mata bayani iya yadda na gane, na ce abin da Auta ta ƙera ne yake cewa to tun bai ajiye saƙo ba.

Umma ta ajiye kwano, ta dubi Auta sama da ƙasa.

"Ke Maimaita? Ke kika haifi mai saurin cewa to? To wannan ba ke ta biyo ba, kawunta ta biyo."

Ta nuna ni da baki. Sai a nan Auta ta yi dariyar gaske, har da hawaye. Ta ci abincin kuwa.

Washegari oga ya kira ta, tana shago, ta sa wayar a bayyane don hannunta na kan kwamfuta. Mai Gilashi bai faɗa wa kowa ba, ita ce ta gaya wa ogan da kanta. Muryarsa a sanyaye, ba faɗa.

"Ki saurare ni. Manyan masu sayen nan duk suna da batir a ɗakin injinansu, wuta ba ta ɗauke musu haka kawai. Wannan tambayar ta zare waya ta yi tsauri. Ki cire ta daga na dole, ki mai da ita ta ganin dama. Walƙiya ta ci sauran duka, ta wuce. Ba wanda zai ce kin yi son kai, ni na ce."

"Ranka ya daɗe, na Mai Gilashi a kan wannan tambayar ya faɗi, kuma ya tafi gyarawa."

"Shi ma sai a ɗauke masa."

"In aka ɗauke wa kowa ai mun koma inda muka fito."

"In ba ki gama gyara kafin taro ba fa? Na riga na yi magana a gaban mutane. Cire ta zan yi, ba na so, amma zan cire."

"Na sani."

Da ta kashe wayar na ajiye dutsen guga na ce, "Auta, mutumin nan ƙofa ya buɗe miki. Shekara nawa kina wahala da abin nan? Saƙo 'yan kaɗan ne fa, kuma sai wuta ta ɗauke a daidai wurin."

Ta ce, "Yaya, wanda aka ce wa to ba shi da wani. Ya goge nasa. In maganin Umma ne a cikin 'yan kaɗan ɗin fa?"

Na ɗauki dutsen gugana na ci gaba. Kafin in gama hannun rigar ta aika wa duk ofis sakamakon, da jan layinta a sama, ba ta ɓoye shi a ƙasa ba.

Daga nan ta shiga gyara. Kullum da safe ina buɗe shago tana isowa. Ta daina tsokanata, abin da ya fi damuna ke nan. Gyaran farko ta sa Walƙiya ta riƙa rubuta kowane saƙo a faifai kafin ta ce to. Na yi ta zarewa, ba abin da ya ɓace. Na fara murna, sai ta nuna mini wani jan a wani layi. Ashe cikin gwajin akwai tambayar sauri, akwai iyakar da in ma'ajiya ta gaza ta, ta faɗi. Ita ta sa tambayar da hannunta. Walƙiya ta koma tafiyar mai ciwon ƙafa.

Na ce, "Ke wace irin malama ce, kin shirya jarrabawar da ke kanki ba kya ci?"

Ta ce, "Zare dai."

Taro na matsowa. Na Mai Gilashi ya ci, ya turo mata hoton koren layinsa, ya ce yana jiran ta a can gaba. Sauran biyun ma suka ci. Saura tata. Wata rana na leƙa na ga ta jingina da bango tana kallon injin, salatif a idonsa, ba ta taɓa komai. Na ajiye mata shayi na ja ƙofa.

Dabarar da ta samo daga baya ita ce, Walƙiya ta riƙa tara saƙonnin da suka zo tare, ta rubuta su gaba ɗaya, sannan ta ce musu to a tare. Ba wanda zai ji to sai nasa ya kwanta a faifai. Da ta yi mini bayani na ce ashe dai kamar yadda ba na kunna dutse don hankici ɗaya. Ta ce kusan haka, amma kada in je ina faɗa a gari cewa ni na koya mata.

Ana gobe taro oga da kansa ya zo shago, shi da Mai Gilashi. Ya sunkuyo ya shigo tsakanin rigunan da ke rataye, ya gaishe ni da hannu biyu. Suka shige ɗakin baya aka rufe ƙofa, aka bar ni da wayoyi huɗu a gindin ƙafa.

Ranar na san nauyin hannuna. Na san ɗaya cikin huɗun nan ta Auta ce, kuma duk zarewar da zan yi tana iya zama wadda za ta fitar da ita. Raina na cewa rage zarewa, ka bar su su huta. Amma na tuna yadda ta juyo da kujerar nan. Sai na kunna rediyo, na jawo tulin zanen gado, na ce da kaina duk wanda na ninke zan zare waya, ba zan duba wacce ba. Na zare ta gefe, na zare ta tsakiya, wani lokaci na zare biyu tare. Wata na mayar na sake fizgewa tun ba ta farfaɗo ba. Har la'asar ta yi sanyi ina abu ɗaya.

Ƙofa ta buɗe, Mai Gilashi ya leƙo.

"Yaya, ka huta haka. Ka kusa kashe mu mu ma."

Na shiga. Layi huɗu, kore huɗu. Auta na zaune ta haɗa hannu a cinya, idonta ya yi ja. Oga ya duba layin sauri ya ce, "Ta shiga. Amma fa ba ita ce ta ɗaya ba yanzu, ta wannan dogon ta sha gabanta."

Mai Gilashi ya ce, "A rubuta a manna a bango, don Allah."

Auta ta ce, "A manna. Amma tawa in ta ce to, to ne."

Suka kwashe injinan. Ɗakin baya ya koma na bokiti da hanga. Kwanaki ina guga ƙafata na laluben soket ɗin da babu.

To shekaranjiya ta zo ta ce in sa kayan kirki in raka ta ofis. Na ce me na yi. Ta ce in dai zo. Muka hau benen, muka shiga sanyin nan. Ta kai ni wani lungu inda aka jera injina a kan kanta, sun fi huɗu yanzu, don wai har mutanen wasu ƙasashe masu ƙera wa dillalin ma'ajiya sun fara kawo nasu a zauna musu jarrabawar. A tsakiya akwai wani ɗan akwati da duk wayoyin suka bi ta cikinsa. Muna tsaye ya yi ƙas, wani inji ya mutu. Can ya sake ƙas, ya dawo.

Auta ta ce, "Wannan shi ya karɓi aikinka. Yana yanke wuta lokacin da ya ga dama, bai san na kowa ba, ba ya kuma jiran kowa ya numfasa."

An liƙa masa baƙin salatif a goshi, duk da ba shi da ido. A ƙasan salatif ɗin an rubuta suna da farin fenti. Wannan kam ko ni na iya karantawa. YAYA.

Ban gama haɗiye wannan ba sai na ji wata ma'aikaciya daga can ƙarshen ɗaki, wadda ban taɓa gani ba, ta cire abin kunnenta ta ce wa na kusa da ita, "Taku ta wuce Yaya?"

Ya ce, "Ina fa. Yaya ya kayar da ita tun da safe."

Auta ta ce haka suke faɗa yanzu, har a rubuce. Wai akwai sabon ma'aikaci da aka tambaya ta wuce Yaya, sai ya gyara zama ya fara bayanin yadda ta wuce, aka yi ta dariya. Mai Gilashi ya hango ni ya taso, ya ce jama'a ga shi nan fa da kansa, mai kayar da mu. Mutanen nan da na ce ba sa magana duk suka cire abin kunne suka taso gaisuwa. Wani ya ce in taimaka in sassauta masa. Na ce ba ni da hannu a ciki yanzu, ya je ya gyara.

Da muka sauko na ce mata, "Auta, ki gaya wa akwatin nan ya riƙe sunan da kyau. Kuma ki gaya wa Umma da bakinki, don in ni na faɗa cewa za ta yi ƙari na yi."

Ta tsaya a kan matakala, ta ɗago ido ta dube ni.

"Akwati ya riƙe suna da kyau. Umma in gaya mata da bakina."

Na ce e.

Ta ce, "To."